Yadda ake koyon hawa allo mai fiffike a wasan lemar iska

Duk wanda ya kalli tseren ruwa na gasar Olamfik ta 2024, wanda aka yi a gaɓar Marseille ta Faransa, ya ga mutane wata babbar lema mai dogayen igiyoyi da iska ke ɗauka sama na jan su, allon da suke tsaye a kai kuma ko taɓa ruwa ba ya yi. A shekarar ce wannan wasa ya fara shiga Olamfik, inda Ellie Aldridge ta Birtaniya ta ci zinare a ɓangaren mata, Valentin Bontus na Ostiriya ya ci a na maza. Abin da ke ɗaga allon shi ne fiffike da ke ƙarƙashin ruwa, wanda masu wasan ke kira foyil. Aikinsa iri ɗaya ne da na fiffiken jirgin sama, sai dai ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka fiffiken da bai fi tiren shayi girma ba zai ɗaga ƙato mai kilo 90 salin alin. Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu: idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin ɗagawar ninkawa huɗu yake yi. Kusan duk faɗuwar ɗan koyo daga nan take fitowa.

Ba da foyil ake fara wasan lema ba. Sai ka iya allon lebur, wato wanda ba shi da fiffike, tukuna: ka iya tafiya kana cin gaba ta inda iska ke fitowa, ka iya tuƙa lema da hannu ɗaya ba ka kallon ta, ka iya tayar da ita idan ta faɗa ruwa, ka kuma iya naɗe igiyoyi ka ceci kanka idan iska ta ɗauke. Iyo kuwa ba a ma maganarsa, ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Mu a Kano ba mu da teku, wannan kowa ya sani. Abin da muke da shi madatsun ruwa ne, Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Bako, da Challawa a yankin Ƙaraye. Amma madatsa ba makaranta ba ce. Darasin farko a nemi malami mai takardar shaidar IKO, hukumar da ke tantance masu koyar da wasan, a wurin da ake da jirgin ceto. Ana samun irin waɗannan wurare a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, irin su El Gouna da Hurghada, akwai kuma Dakhla a gaɓar Yammacin Sahara da tsibirin Sal na ƙasar Kef Bade. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi zurfin ruwan, domin wuraren da suka yi suna wajen koyar da allon lebur yawanci ruwansu iya gwiwa ne ko ƙugu. A Paje ta Zanzibar, misali, idan teku ya janye, foyil ba shi da wurin shiga.

Kayan da kansa gaɓa huɗu ne ban da allo. Akwai turke, wato doguwar ƙafar da ta sauka daga cikin allo zuwa ruwa. A ƙarshensa akwai sanda a kwance, kashin bayan na'urar ke nan. A gabanta babban fiffike, shi ke ɗagawa, a bayanta ƙaramin fiffike, shi ke hana hancin allo rawa sama da ƙasa. Ɗan koyo ya fara da gajeren turke, santimita 45 zuwa 60, don idan ya faɗo ba daga nesa ba ne. In ƙafa ta zauna sai ya koma 70 ko 75, daga baya 85 zuwa 95 wanda shi ne na yau da kullum. Babban fiffike a samu mai faɗi da kauri, murabba'in santimita 1,000 zuwa 1,500, mai dakusassun gefuna. Irin wannan yana tashi tun gudu bai kai kilomita 20 a awa ba. Siraran fukafukan tsere masu kaifi kamar askar wanzami a bar wa masu su. Allo kuma ya zama mai jiki, tsawon santimita 130 zuwa 150, mai ɗagaggen hanci, don idan ya dawo ruwa ya zame maimakon ya nutse. Idan gindin allon yana da layin matsar da turke, a matsar da shi can baya: yana rage saurin tashi.

Maganar madaurin ƙafa ana saɓani a kai, amma mafi aminci shi ne a ɗaura na gaba kaɗai, a sassauta shi sosai, na baya a cire. Ƙafa biyu a ɗaure ita ce ke murɗe idon sawu, domin allon yana juyawa gefe guda, mutum yana faɗuwa wani gefen. Hular kwano da rigar kare ƙirji wajibi ne. Rigar roba mai dogon hannu da takalmin ruwa suna tare yankan fiffike. Kada a ɗaure allo da igiya a ƙafa, zai dawo maka kamar dutsen gwafa.

A zaɓi ranar da iska ke kaɗawa daidai wa daida, kilomita 22 zuwa 28 a awa. Ƙasa da haka lema za ta yi ta faɗuwa, sama da haka ruwa ya yi tunzuri, gudu ya fi ƙarfinka. Lemar a rage girmanta: wanda ya saba ɗaukar mai murabba'in mita 12 a allon lebur, 9 ko 10 ta ishe shi, saboda da zarar an tashi sama ba abin da ke riƙe allon. Zurfin ruwa ya zarce tsawon turke da aƙalla rabin mita, kuma a bar fili tsakaninka da kowa wanda ya ninka tsawon igiyoyi biyu, wato kamar mita 50.

Shiga ruwan ma darasi ne. Lema a tsakar ka, inda ake kira ƙarfe 12 kamar a fuskar agogo, allo a hammata, fiffiken nesa da igiyoyi da kuma cinyarka. In ruwa ya kai ƙirji sai ka kwantar da allon a gefensa, ka ɗora hannu ɗaya a kai, ka bar lema ta ja ku tare zuwa mai zurfi. A cikin ruwa kada ka riƙa harba ƙafa kamar mai iyo, ba ka ganin inda fiffiken yake, kuma mafi yawan yankan ƙwauri a nan ake samun sa, ba wajen gudu ba.

Wajen tashi, ka ba iska baya. Allon yana gabanka a kan gefensa, fuskarsa na kallon ka, fiffiken ya miƙe can gaba. Ka riƙe allon da hannun baya, sandar tuƙa lema da hannun gaba, ka sa ƙafar gaba, sannan ta baya, wadda za ta zauna daidai kan turke ko ɗan gabansa kaɗan. Ka naɗe gwiwoyi su zo ƙirji. Sai ka sunkuyar da lema a hankali, daga ƙarfe 12 zuwa 10 in hagu za ka, ko zuwa 2 in dama za ka. Ba fizga ake so ba. Ka bar lemar ta mirgino da kai bisa allon.

Nan ne wanda ya ƙware a allon lebur yake shan kunya, don duk abin da jikinsa ya haddace yanzu kuskure ne. A can ana jingina baya, a danne ƙafar baya, a kafa gefen allo cikin ruwa. Yi haka a kan foyil, allon zai miƙe tsaye kamar dokin da aka fizgi linzaminsa a hawan daushe, ya zubar da kai. A nan nauyi kan ƙafar gaba yake, gwiwar gaba a lanƙwashe, ƙugu da kafaɗa a saman allo, allon kuma a shimfiɗe lebur. Don haka aikin kwanakin farko shi ne ka hana shi tashi. Ka yi ta tafiya allon yana kan ruwa, mita 100 ko 200 zuwa hagu, ka dawo dama, har sai ka fara jin fiffiken yana turo tafin ƙafarka daga ƙasa kana mayar da shi. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda ba ya ba da sha'awa a hoto, su ne kuma suke daɗewa ba su iya ba.

In wannan ya zauna, tashi ba ya buƙatar wani ƙoƙari. Ka tsayar da lema a ƙarfe 11 ko 1, ka daina kaɗa ta, ka matsar da ƙugu baya kamar faɗin yatsu uku. Ƙarar ruwan da ke dukan allo, tas-tas-tas, za ta ɗauke ɗif, sai ɗan shuuu na turke yana yanka ruwa. Kada daɗi ya ɗauke ka. Ƙirga ɗaya, biyu, ka danna ƙafar gaba ka sauko. Ka sake. A haka ake ƙara tsawon tashin, daƙiƙa 2 ta zama 5, ta zama 20. Idanu can gaba, wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi.

Matsalolin da ake gamuwa da su sanannu ne. Akwai sukuwa, inda allo ke hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa. Dalilinta gyara ya yi yawa: ya tashi ka danne da ƙarfi, ya sunkuya ka ja baya da ƙarfi. Maganinta ka daskarar da ƙirji da kafaɗa, gyaran ya zama na ƙugu kaɗai, ƙanƙani. Akwai ɓullowar fiffike: in ka yi sama da yawa har babban fiffike ya kusanci fuskar ruwa, sai ya shaƙi iska, ɗagawar ta ɓace nan take, hanci ya soke. Kafin hakan ta faru sau da yawa za ka ji ƙarar ruwan ta canza, kamar ana zuƙar kunu da tsinken roba, to danna gaba. Sai gudun da ya ƙi tsayawa, wanda ya fi tsorata ɗan koyo. Dabi'a za ta ce ka ja sanda ka jingina baya, alhali hakan ƙara wuta ne. Ture sandar nesa da kai, ka ɗaga lema a hankali zuwa ƙarfe 12, ka ɗan karkata hanci wajen iska, ka saukar da allon kan ruwa.

Wani abin da ba a faɗa wa mutane da wuri shi ne foyil yana cin gaba ta inda iska ke fitowa cikin sauƙi fiye da kima. Kafin ka ankara ka yi nisa da inda ka shigo, komawa ƙasan iska kuwa ita ce mai wuya, domin kana bin lemar da gudu igiyoyi suna saki, ta faɗo. Ka koyi gangarowa tun da wuri, allo a kan ruwa, lema tana ɗan motsi sama da ƙasa don igiya ta zauna a miƙe.

Faɗuwa kuwa dole ce, sai dai a iya ta. In ka ji ta zo, kada ka yi gardama. Mafi munin faɗuwa ita ce allo ya karkata gefe, kai kuma ka lanƙwashe a ƙugu kana neman gyarawa, sai jikinka ya haɗu da fiffiken kamar an rufe wuƙar aljihu. Ka bar jiki a miƙe, ka bi inda allon ya karkata, sandar tana hannunka, ka bar lema ta fizge ka nesa. In ka ɗago kai daga ruwa, hannu ɗaya a gaban fuska har sai ka ga inda allon yake, don foyil yakan ci gaba da tafiya shi kaɗai.

Wanda ya iya ya dawo gida yana sha'awar gwadawa a Tiga ko Challawa, da sauran aiki a gabansa. Ya nemi izinin hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are mai kula da madatsun, ya zauna da sarkin ruwa da masunta su nuna masa inda kututturan itatuwa da duwatsu suke da inda ake shimfiɗa koma, don turke mai zurfin mita guda yana kama abin da kwalekwale ke wucewa ta kansa. Ruwan yana raguwa da rani, wurin da ya yi zurfi a Nuwamba ba lalle ya kai haka a Maris ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ita ce abin dogaro, amma tana zuwa da fizga, hazo kuma yana ɓoye mutum daga masu kallon sa a gaɓa, don haka sai da jirgi mai inji a kusa, kuma a shiga ta gaɓar da iska ke turowa zuwa tudu. Iskar da ke gaban hadarin damina ba ta wasa ba ce, da an ga gabas ta yi baƙi a sauke lema. A nisanci bakin madatsar inda ake sakin ruwa. Akwai kuma tsargiya a ruwan da ba ya gudu, wanda ya saba shiga ya riƙa zuwa gwaji asibiti.

Ba a fafe gora ranar tafiya: kayan gyaran foyil ba a Sabon Gari ko Kofar Ruwa ake samun su ba, don haka tun wajen saye a haɗo da notina na ajiya da makullinsu. Kafin kowace shiga a bi notinan ɗaya bayan ɗaya a ɗaure. Wanda ya yi wasa a ruwan gishiri ya wanke kayan da ruwan daɗi, ya kwance su, ya shafa wa notinan man hana tsatsa irin Tef-Gel, in ba haka ba notin ƙarfe da turken alminiyom za su cije juna, wani farin gari ya fito a bakin ramin, ba mai kwance su sai an huda. Fiffiken da ya tsage ba na mai walda ba ne, da gam ɗin ifoksi ake like shi a goge da lallausar samfefa. Lema kuma kada a bar ta a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, gam ɗin bakin hura iskar narkewa yake yi.