Yadda Ake Hasashen Tsananin Zafi da Hadari Mai Ɓarna a Ƙarshen Bazara

Kusan duk mai koyon hasashen yanayi a rami ɗaya yake faɗawa. Zai buɗe taswira da safe, ya ga zafi zai haura digiri 35, iska ta jiƙe sharkaf da laima, lambar CAPE, mai auna ƙarfin da hadari zai iya samu, ta kai 3000, sai ya shelanta cewa da la'asar akwai hadari da ƙanƙara. La'asar ta yi, magariba ta yi, sama tas, ko ɗigo babu. Ni ma na sha wannan kunyar, har sau biyu a mako guda. Abin da ya kayar da ni shi ne murfi, wato shimfiɗar iska mai zafi da ke danne ta ƙasa, kuma a kansa zan fi daɗewa. Ba zan tsaya bayanin yadda ake karanta taswira ba, na ɗauka ka wuce nan.

Mataki na farko, fara daga sama. Masu koyo suna ruga wa zafin ƙasa, alhali labarin yana can wajen kilomita 5 da rabi a sama, a taswirar hPa 500 (hPa ma'aunin nauyin iska ne, lambar tana raguwa yayin da ake hawa sama). Nemi inda layuka suka yi tudu da inda suka yi kwari. A ƙarƙashin tudu iska tana sauka, tana matsuwa, tana ƙara zafi, gajimare ba ya samun tashi, rana kuma ta yi ta gasa ƙasa kwana da kwanaki. Irin wannan tudun ne ya zauna a yammacin Kanada har garin Lytton ya kai digiri 49.6 a ranar 29 ga Yunin 2021. Idan tudun bai motsa ba kwana uku zuwa biyar, fara shirin gargaɗin zafi.

Daga nan sauko hPa 850, wato kimanin kilomita ɗaya da rabi. Busasshiyar iska tana ƙara digiri 9.8 a kowace kilomita da ta sauko. Saboda haka a ranar da rana ta buɗe sosai, idan wurin ba ƙasa mai tsayi ba ce, ƙara kamar 15 a kan abin da ka gani a hPa 850. Ka ga 20, yi tsammanin 35. Idan ƙasa ta daɗe ba ta sha ruwa ba, ƙara kaɗan, domin ƙarfin rana duk iska zai dumama maimakon ya tafi wajen busar da ƙasa. Wannan lissafin kai ne, amma sau da yawa ya cece ni daga bin kwamfuta a makance.

Maganar hasashen kwamfuta: wanda ake kira GFS na Amurka kyauta ne, sau huɗu a rana yake fitowa, ECMWF na Turai kuma ni shi na fi yarda da shi idan an wuce kwana huɗu. Kada ka kashe kuɗinka kan manhajoji masu tsada tun kana koyo, na kyauta sun ishe ka. Kuma kada ka riƙe fitowa ɗaya ka ce ga abin da zai faru nan da kwana goma. Duba tarin hasashen da ake gudanarwa tare, na ECMWF guda 51 ne. Idan sun haɗu a wuri ɗaya, yi magana da ƙarfi. Idan sun watse, ja bakinka.

Mataki na biyu, laima. Ka manta da kashi cikin ɗari da wayarka ke nunawa, wannan lamba tana hawa da sauka da zafin rana ko da laimar ba ta canja ba. Ma'aunin raɓa za ka duba, wato zafin da idan iska ta sauko gare shi raɓa za ta fara fita. Daga 18 akwai abincin hadari. Daga 21 jiki ya fara nauyi. Idan ya kai 24, gumi ba ya bushewa. Zafi 35 da raɓa 24, jiki zai ji kamar 42, bisa lissafin da ya samo asali daga aikin Robert Steadman na 1979. Kuma wannan lissafin na mai zama a inuwa ne, a tsakiyar rana yana iya ƙaruwa da har digiri 8.

Abu biyu masu koyo ke tsallakewa a nan. Na ɗaya zafin dare: idan dare bai huce ba, jiki bai huta ba, kuma a rana ta biyu da ta uku ake fara kwasar tsofaffi da jarirai da masu aikin ƙarfi zuwa asibiti. Na biyu, zafin farkon shekara ya fi na tsakiya illa, domin jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Digiri 33 a watan Mayu, a ƙasar da ta fito daga sanyi, ba ɗaya ba ne da 33 a Agusta. Ka auna da abin da wurin ya saba gani a wannan makon, ba da lambar kanta ba.

Yanzu mun zo wurin da na ce zan daɗe.

Sau biyu a rana, ƙarfe 00 da 12 agogon GMT, ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'urar auna zafi da laima da iska, tun daga ƙasa har can ƙololuwa. Jami'ar Wyoming tana ajiye sakamakon kyauta a intanet. Buɗe zanen sakamakon balan-balan na tashar da ta fi kusa da kai, ko wadda iska ke tahowa daga wajenta. CAPE shi ne ƙarfin da iskar ƙasa za ta samu idan ta tashi sama: 1000 zuwa 2500 matsakaici ne, sama da 2500 babba ne, 4000 kuwa abin tsoro. Amma lura da kalmar "idan". CAPE bai ce iskar za ta tashi ba.

Bi layin zafi da yatsanka daga ƙasa. Yana ta raguwa yayin da kake hawa, sai tsakanin kilomita ɗaya zuwa uku ka ga ya tsaya, ko ma ya karkata dama, wato zafi ya ƙaru. Wannan shi ne murfi: shimfiɗar iska mai zafi da bushewa da ta hau kan mai laima ta danne ta. A filayen tsakiyar Amurka daga tudun Meziko da hamadar kudu maso yamma take kwararowa. A Turai daga tudun Sifen take haurawa Faransa da Ingila. Lambar da ke auna ƙarfinsa ita ce CIN. Ƙasa da 50, zafin rana kaɗai na iya fasa shi. Daga 50 zuwa 200 sai da taimako. Sama da 200, ni dai rufe littafi nake yi. A waɗancan filaye na Amurka masu hasashe suna kuma leƙa zafin hPa 700, idan ya haura 12 sukan fara shakkar ko hadarin zai tashi.

Ranar da na koyi wannan, na yini ina kallon yamma. Wajen ƙarfe uku gajimare ya fara tsirowa, fari fat, yana kumbura kamar auduga. Na ce to, ga shi nan. Sai kansa ya kai wani tsayi ya baje, ya yage, gindin ya bushe ya bar guntun kai yana yawo shi kaɗai. Wani ya taso, a daidai wannan tsayin ya mutu. Na uku ma haka, kamar an gitta wuƙa a sararin sama. Da na koma zanen safiyar, murfin yana nan ɓaro-ɓaro, ni ne idona ya tafi kan babbar lamba.

Akwai tarko na biyu a cikin zanen nan. Raɓar safe tana iya zama 21 a ƙasa, amma kaurin laimar bai wuce 'yan mitoci ɗari ba. Da rana ta ɗaga, iska ta gauraya, busasshiyar sama ta sauko, kafin azahar raɓa ta faɗi zuwa 15, CAPE ɗinka ya zube. Don haka kada ka yi aiki da CAPE na iskar ƙasa zalla. Ɗauki wanda aka lissafa da matsakaicin hPa 100 na ƙasa-ƙasa. Wasu za su ce maka duka biyun suna da amfani. Ni ban ga amfanin na farkon ga mai koyo ba sai ruɗi.

Sai dai kada ka ɗauki murfi a matsayin mai kashe hadari kawai. Idan babu shi sam, ƙananan hadura za su tashi ko'ina tun hantsi, su cinye ƙarfin a tsakaninsu, a yi yayyafi a watse. Murfi matsakaici ne ke tara zafi da laima har la'asar, sannan ya fashe a wuri ɗaya ko biyu, hadarin da ya fito ta nan ya shanye ƙarfin yankin shi kaɗai. Ranakun ɓarna mafi muni sau da yawa haka suke, safiya shiru, sama garau. Tambayarka kullum ita ce: me zai ɗaga murfin, a ina, ƙarfe nawa? Nemi bakin iska mai sanyi da ke tahowa, ko layin da busasshiyar iska ta yi karo da mai laima, ko gangaren duwatsu, ko kwarin hPa 500 da ke matsowa yana sanyaya sama. Wanda aka fi mantawa shi ne sawun hadarin jiya, wato bakin sanyayyar iskar da ya zubar, yana kwance shiru. A hoton tauraron ɗan'adam za ka gan shi kamar siririn zaren gajimare. Idan ba ka iya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan da yatsa a taswira ba, ba ka da hasashen hadari, zafi kawai gare ka.

Mataki na gaba, saɓanin iska, wato bambancin gudunta da inda ta dosa, tsakanin ƙasa da kilomita 6. Idan bambancin ya kai mita 18 zuwa 20 a daƙiƙa, hadari na iya juyawa, ya rayu sa'o'i, ya zubo manyan ƙanƙara ko ya haifi guguwa. Idan saɓanin kaɗan ne, hadarin zai tashi ya faɗo kan kansa cikin awa ɗaya, ko da yake faɗowar tana iya kwashe rufi. Ka sa ido a gefen tudun zafi, ba tsakiyarsa ba, domin a gefe murfi ya fi rauni, iskar sama kuma ta fi gudu. Ta irin wannan gefen ne hadarin 29 ga Yunin 2012 ya bi daga tsakiyar Amurka har gaɓar Atilantika, ya bar miliyoyi babu lantarki ana tsakar zafi.

Saura rubutawa. Faɗi yanki, faɗi sa'o'i, faɗi yiwuwa, kada ka ce "tabbas". Raba zancen gida biyu: yiwuwar hadarin ya tashi, da munin sa idan ya tashi. Sai bayan ka rubuta naka za ka duba na hukuma, ba kafin ba, in ba haka ba kwafa kake yi. Cibiyar hasashen hadari ta Amurka da ke Norman a jihar Oklahoma tana da matakan haɗari biyar, kuma a wurinsu hadari mai ɓarna shi ne mai ƙanƙara santimita 2.5, ko iska kilomita 93 a awa, ko guguwa. A Turai akwai ESTOFEX, ƙungiyar masu hasashen hadari. Gargaɗin jama'a kuwa na hukumar yanayin ƙasarka ne, naka atisaye ne.

Daga azahar ajiye kwamfuta, koma kan na'urar rada mai hango ruwan sama da hoton tauraro da abin da tashoshi ke aunawa awa-awa. Idan walƙiya ta fara, ƙirga daƙiƙu zuwa tsawa, kowane uku kilomita ɗaya ne, kuma muddin kana jin tsawar, shiga ɗaki. Da dare rubuta abin da ka ce da abin da ya faru, da CIN na safiyar a gefe.