Yadda za ki shiga adashi ki fita lafiya

Da farko ki je wurin uwar adashi da kanki, kada ki aika yaro. Ki gaishe ta, ki tambayi nawa ne zubi, wace rana ake yi, kuma mutum nawa ne. Idan ku 10 ne kuna zuba naira 5,000 duk Juma'a, kwasa naira 50,000 ke nan, zagayen kuma mako 10. Ki tambayi ladan uwar adashi tun yanzu, don nan rigima ta fi tashi.

Sai ki duba aljihunki. Hannu ɗaya, wato kason zubi ɗaya, da za ki iya ya fi biyu da za su sa ki ɓuya.

Na uku, a rubuta ranar kwasarki a littafi a gabanki. Sabuwar shiga ba ta neman kwasar farko. Sai an san halinki. In biki ko suna ya taso miki, ki roƙi wata ku yi musanya da sanin uwar adashi.

Duk zubin da kika kai, ki tsaya a yi alama. Bayan kin kwashe, ki riƙa kai naki da wuri, lokacin ne ake sa miki ido.