Yadda Ake Haɗa Wayoyin Akwatin Kashe Ƙwayoyin Cuta Mai Hasken UV-C

Masu aski da masu gyaran farce a Jos za su iya haɗa wa kansu akwatin da ake sa almakashi da injin aski domin haske ya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu. Aikin ba shi da wuya ga wanda ya san lantarki, amma akwai sharaɗi guda da komai ya rataya a kansa: fitilar kada ta iya kamawa muddin ƙofar akwatin tana buɗe.

Dalili kuwa shi ne, hasken da ke wannan aiki, wato UV-C, ido ba ya ganinsa, kuma yadda yake lalata ƙwayar cuta haka yake ƙona fata da saman ƙwayar ido. Wanda ya kalle shi ba zai ji komai nan take ba, sai bayan awa 6 zuwa 12 idanunsa su kama zafi da hawaye kamar an zuba masa yashi, irin ciwon da masu walda suka sani sarai. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2020 cewa kada a haska irin wannan fitila a hannu ko a jiki.

A wajen sayen ƙwan fitilar ake fara yin kuskure. Ƙwan gaske dogo ne, garai yake babu farin fenti a cikinsa, yana ɗauke da ɗan zaiba, kuma yana fitar da haske mai tsawon zango nanomita 254. Ƙananan fitilu masu launin shunayya da ake duba kuɗin jabu da su ba su kashe komai. A nemi ƙwan da aka rubuta cewa ba ya haifar da iskar ozon, domin wannan iska tana cutar da huhu a shago mai ƙunci. Sannan a sayi cok, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da na ƙwan: ƙwai mai wat 15 cok mai wat 15 yake so, ba wanda mai shago ya ce "shi ma zai yi" ba.

Akwatin ya zama na ƙarfe, a lulluɓe cikinsa da alminiyam saboda yana mayar da hasken sosai. A keɓe wa cok da wayoyi ɗaki dabam a sama ko a baya, wanda haske ba ya shiga, domin UV-C yana busar da robar waya har ta tsattsage.

Kafin a taɓa kowace waya a zare filogi daga bango. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, balle a dogara da cewa an ɗauke wuta. A yi amfani da kebur mai wayoyi uku da filogi mai ƙafa uku wanda aka sa masa fiyus na amfiya 3, a cire na amfiya 13 da yake zuwa da shi. Waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, mai kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. A tsofaffin gidaje za a iya samun ja da baƙa da koriya a madadinsu.

Waya mai wuta za ta fara shiga babban makunni, daga nan ta wuce makunnin ƙofa, sai agogon da ke yanke wuta idan lokaci ya cika, kafin ta isa cok, duk a jere ɗaya bayan ɗaya, ta yadda kowannensu ya buɗe wuta ta yanke. Makunnin ƙofa ƙarami ne mai ɗan harshe, kuma dole a zaɓi irin wanda ba ya haɗa wuta sai ƙofa ta danne shi. A kafa shi ta gefen da ƙofar take fara buɗewa, nesa da inda take maƙale, domin ya saki tun kafin haske ya samu kafar fita. A ganina gara a sa guda biyu a jere, saboda ƙurar hunturu tana iya sa ɗaya ya maƙale, kuma kuɗinsa bai kai na maganin ido ba. Babban makunnin kuma ya kasance mai yanke waya mai wuta da nutural tare, tun da soket ɗin da aka juya wa wayoyi ba baƙon abu ba ne a shagunan haya.

Wayar ƙasa a ɗaure ta da noti a jikin akwatin bayan an kankare fenti har ƙarfe ya fito, a kuma ja reshe zuwa jikin cok da ƙofa. Idan shagon ba shi da wayar ƙasa mai aiki, ko kuma yawanci da janareta ake amfani, a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya kafa ta, ya kuma sa na'urar da ke yanke wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30. Wutar bolt 230 a jikin akwatin ƙarfe, ga jiƙaƙƙen hannun mai aski, ba abin wasa ba ce. Inda kebur ya ratsa ƙarfe a sa zoben roba da maɗauri.

Gwajin farko a yi shi babu ƙwai kuma babu wuta. A sa mitar gwajin lantarki tsakanin ƙafar ƙasa ta filogi da jikin akwatin, a tabbatar sun haɗu, sannan a gwada makunnin ƙofa ana buɗewa ana rufewa sau da yawa. Sai an gamsu a sa ƙwai, a riƙe shi da tsumma mai tsabta, a rufe ƙofa, a kunna. Ƙaramar taga ta gilashi mai kauri za ta nuna shuɗin hasken da ƙwan ke fitarwa tare da UV-C ba tare da haɗari ba, domin gilashin taga yana tare UV-C.

Sanyin Jos na Disamba da Janairu yana rage ƙarfin ƙwan a farkon kunnawa, don haka a ƙara masa 'yan mintuna. Hasken ba ya aiki a inuwa ko ƙarƙashin datti, saboda haka a wanke kaya a busar, a jera su a kan raga, a kuma juya su. Reza da duk abin da jini ya taɓa ba na wannan akwati ba ne, sabo ake ɗauka. Idan ƙwai ya fashe, a buɗe tagogi a fita na ɗan lokaci saboda zaibar da ke cikinsa, sannan a kwashe gilashin da kwali a rufe shi cikin kwalba.