Shawara kan ruwan sha a lokacin kwalara

'Yan'uwa mazauna Kassala, Gadarif da Mai Wurno, tun ɓarkewar kwalara a Sudan a 2024 ya kamata mu san cewa ta ruwa da abincin da najasa ta gurɓata take shiga jiki. Ruwan da masu amalanken jaki ke kawowa, komai haskensa, a tafasa shi kafin a zuba a randa, kuma a daina tsoma moɗar da kowa ya kafa wa baki.

Idan wani ya fara gudawa mai kama da ruwan shinkafa, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, yana kurɓa ana hanyar asibiti, domin ƙarewar ruwan jiki kan kashe ko babban mutum cikin 'yan sa'o'i.