Babi na Tara: Caca da Lissafin Aljihu

Darasi na 1

Ku karanta a hankali, ba sauri muke ba. Gidan caca na zamani shi ake kira kasino. Akwai shi a wasu manyan otal-otal na Legas da Abuja, yanzu kuma ya shigo cikin waya. Hukuncin caca kun san shi, yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90. A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano, amma wayar tana nan a aljihun 'ya'yanmu da ƙannenmu. Shi ya sa muka kawo wannan babi.

Darasi na 2

Ku ɗauko fensir. A kasino akwai wani faifai da ake juyawa, a jefa ƙaramar ƙwallo ta faɗa rami. Sunansa rulet. Ramukan suna da lamba daga 0 zuwa 36. Ramuka nawa ke nan? Ba 36 ba ne. Ku ƙirga da sifirin: 37.

Wanda ya sa naira 100 a lamba ɗaya, ƙwallo ta faɗa can, za a ba shi ribar 3,500 a haɗa masa da ɗarinsa, ya zama 3,600. To, a ce mutum ya sa 100 a kowane rami. Ya kashe 3,700. Dole ya ci, ko ba haka ba? Sai a miƙo masa 3,600. Ku cire 3,600 daga 3,700. Saura 100. Wannan ta mai gidan caca ce, kuma haka aka gina wasan tun farko. Wanda bai samu 100 ba ya sake lissafin, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3

A nan mutane suka fi faɗuwa. Ku rubuta a littafinku: kuɗin da caca ta ci ya tafi.

Mutum ya yi asarar 2,000, sai ya ce, "Bari in fanshe kuɗina in tashi." Ya zuba 4,000. Ta cinye. Ya ce, "Saura ƙiris." Ya taɓa kuɗin cefane, ya ranci na abokinsa, gobe a ga wayarsa a hannun dillali. Ƙwallon nan ba ta san ya yi asara ba, ba ta kuma riƙe masa bashi. Ramukan rulet wasu ja ne, wasu baƙi. Ko ja ya fito sau biyar a jere, wannan bai sa baƙi ya kusa fitowa ba.

Ku sake rubutawa: kuɗin da caca ta ci ya tafi. Ku karanta da ƙarfi. Madalla. Yanzu ku rufe littafin ku faɗa da ka.

Wasunku har yanzu idan na tambaya me mai asara zai yi, sai ku ce ya ƙara gwadawa sau ɗaya. Haba, jama'a! Me muka gama rubutawa? Tashi zai yi. Ba ya fanshewa, tashi zai yi ya bar wurin, ko ya kashe wayar. Ku rubuta jimlar sau biyar kafin gobe, kuma zan duba.

Darasi na 4

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka. Ga yadda ake gane ta kama mutum: yana ɓoye wa iyalinsa abin da ya kashe, yana cin bashi don caca, kuɗin da yake zubawa kullum ƙaruwa yake, in an hana shi sai fushi da rashin barci, ya sha rantsuwa ya daina ya koma. Ku ja layi ƙarƙashin wanda kuka taɓa gani.

Darasi na 5

In an ga waɗannan alamu ga mutum, a gaya wa babba a gida ko liman. A riƙe wa mai cacar katin bankinsa. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna.

Aikin gida: 37 sau 200 nawa ne?