Kurakuran da Sababbin Masu Haɗa Shafin Intanet Suka Fi Tafkawa

Na gaji da gyara wa masu koyo kuskure iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta.

Uwa uba shi ne hoto. Yaro zai ɗauki hoton kaya da waya, nauyinsa megabayit 4 ko 5, ya ɗora yadda yake, ya kuma jera irinsa rututu a shafin farko. A kwamfutarsa komai lafiya lau. To amma mai saye fa? Yana tsakiyar kasuwa, sabis na ɗaukewa yana dawowa, datarsa kuma ta lallaɓawa ce. Allo ya tsaya fari fat, sai ya rufe ya koma WhatsApp. A kan haka wani mai shagon atamfa ya ƙwace aiki daga hannuna, cikon kuɗina ma ban gani ba. Yanzu babu hoton da ke shiga shafina sai na rage faɗinsa zuwa fiksel 1200, na mai da shi WebP (wani nau'in hoto mara nauyi), ya sauko ƙasa da kilobayit 200. Wasu na cewa na cika matsewa; su suka sani. Kafin in miƙa aiki kuma, sai na gwada shi a tsohuwar wayar Android da data zalla.

Sai adireshin shafi, wato sunan da ake rubutawa a shiga shafin. Haya ce ake sabuntawa duk shekara, ba saye ba ne. Don Allah me ya kai ka yi wa mutum rajista da imel ɗinka, sannan ka watsar da imel ɗin? Wa'adi ya cika, saƙon tunatarwa na zuwa inda ba mai gani, wani can ya kama sunan, mai shi kuwa ya riga ya buga shi a kati da allon shago. Yi rajistar da sunansa, ka damƙa masa kalmar sirrinsa.

Sauran ƙanana ne. Duba ko salon haruffan da ka zaɓa yana da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba "ƙasa" za ta fito da akwati a gaba. Kada rubutu ya gaza fiksel 16. Tun 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da HTTPS (tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin shafi da mai ziyara) tambarin rashin tsaro, alhali akwai Let's Encrypt, mai ba da takardar shaidar da ake buƙata don sa HTTPS, kuma kyauta yake ba da ita. Kiɗan da ke tashi da kansa kuwa, cire shi yau.