Kurakuran da ke ɓata kwaɓin jelatin na hoton gilashi a Zariya

Duk wanda ya fara haɗa kwaɓin jelatin da hannunsa, wato haɗin jelatin da silba da ake shafa wa gilashi don ya kama hoto, idan gilashin farko ya lalace, sinadarai yake fara zargi. Ni ma haka na yi, har na sake sayen silba naitiret mai tsada, alhali wanda ke hannuna lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ɓata mana aiki a garin nan yawanci ruwa ne, da zafi, da ƙura. Wani likita a Ingila, Richard Maddox, shi ya bayyana dabarar a 1871, kuma a ƙasar sanyi ta girma. Mai yin ta a Zariya dole ya san inda zai gyara.

A fara da ruwa. Ruwan famfo da na rijiya da na leda kan zo da gishirin kuloraid, wanda da ya haɗu da silba sai ya mai da ruwan fari kamar an ɗiga madara. Tataccen ruwa ake so, irin na zuba wa batir, amma ba kowane jarka aka rubuta wa haka ba ne na gaskiya. Ka zuba kaɗan a kofin gilashi, ka ɗiga masa digo ɗaya na narkakken silba. In ya zauna garau, ka yi aiki da shi. In ya yi fari-fari, ajiye shi don wanke kwanuka. Kwanukan ma su zama na gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Tukunyar dalma ko cokalin tagulla suna ɓata kwaɓi gaba ɗaya. Ka sa safar hannu da tabarau, don silba naitiret yana baƙanta fata na kwanaki, kuma yana iya illata ido.

Sai awo. Giram 10 na silba naitiret yana cinye kusan giram 7 na fotasiyam buromaid. Masu farawa sukan tsaya daidai nan, ko su gaza, sai silba ya yi rara, gilashin ya fito da hazo, wato duhu-duhun da ke lulluɓe hoto, tun bai ga haske ba. Buromaid ne ya kamata ya ɗan fi yawa, kamar giram 8. A zuba silba cikin jelatin mai buromaid a hankali, ana juyawa ba tsayawa, ƙarƙashin jan fitila, zafin yana wajen digiri 50 zuwa 55.

Dumama kwaɓi bayan haɗawa yana ƙara masa saurin kama haske. Charles Bennett ne ya nuna haka a 1878. Sai dai inda amfanin yake, nan haɗarin yake: a wuce lokaci ko a ƙara wuta, sai hazo. Kada a ɗora kwaɓin kai tsaye bisa risho, a saka kwalbarsa cikin tukunyar ruwan zafi, ma'aunin zafi na ciki, ido na kan agogo. Jelatin na girki kuma ba abin dogaro ba ne, domin ɗan sulfa da ke cikinsa yana canza halin kwaɓi daga wannan fakiti zuwa wancan. A nemi na hoto, wanda galibi daga ƙashin shanu ake yin sa.

Wanki shi ne inda na fi ganin mutane suna gajiya. Haɗuwar silba da buromaid tana barin fotasiyam naitiret, wanda in ba a fitar da shi ba, zai fito bisa gilashin kamar kanwa idan ya bushe. Ana daskarar da kwaɓin, a matse shi ta rariyar roba ya fito kamar taliya, a wanke da ruwan sanyi, ana sauyawa sau da yawa. To, a watan Afrilu ruwan randa ma bai isa sanyi ba. Ranar da na gwada da shi, ina kallo taliyar ta kumbura, ta yi laushi, rabinta ya bi ruwa ta ƙasan rariya. Ka sayi ƙanƙara tun kafin ka fara, ka adana ta a kula, kada ka jingina da firji, don wuta na iya ɗaukewa a tsakiyar aiki. Bayan wanki a tsane ruwan sosai, in ba haka ba kwaɓin zai tsinke.

Jelatin ba ya daskarewa da kyau in zafin ɗaki ya haura digiri 30, kuma bazarar Zariya takan kusanci 40 da rana. Shi ya sa nake shafa gilasaina da asuba, lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu. Ana zuba kwaɓin yana wajen digiri 40 bisa gilashi mai ɗan ɗumi, a karkata shi ya kai kusurwa huɗu, a ɗora bisa tayil mai sanyi wanda aka daidaita da lebur. Amma hunturun nan shi ke kawo ƙura, kuma kowane ƙwayar ƙura tabo ne a hoto. Kada ka share ɗaki ranar aiki. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma tun dare, ka tace kwaɓin, ka busar da gilasan cikin akwati mai duhu da iska ke shiga ta ƙyalle. Da damina, musamman Agusta, bushewa na jinkiri har fumfuna ta kama.

Idan fatar hoton tana saɓulewa daga gefe, gilashin ne bai wanku ba. A goge shi da garin alli da sifirit har ruwa ya riƙa kwanciya a kansa bai ɗaya, ba ya tsattsaguwa. A dirje bakinsa da sanfefa, jelatin ya sami abin kamawa, hannu ma ya tsira. Ɗan kurom alam, sinadarin da ke taurara jelatin, a cikin kwaɓi dab da shafawa yana ƙarfafa shi, amma abin da aka sa wa shi ba ya sake narkewa da kyau, don haka a ɗebi iya na ranar. Ruwan wanke hoto da na haifo (sinadarin da ke tsayar da hoto don kada haske ya sake ɓata shi) da na ɗauraya duk su zama kusan digiri 20.

Saura ɗauka. Wannan kwaɓi shuɗi kawai yake gani sosai, ja kuwa baƙi yake fitowa, kuma saurinsa na kama haske bai fi 1 zuwa 3 ba a ma'aunin ISO na kyamara. Wanda ya je ɗaukar zanen ƙofar fadar Zazzau zai ga jan ya yi duhu, sama ta yi fari fat, har ya zaci kwaɓinsa ya lalace. Fuskokinmu ma sukan fi duhu a kansa, sai an ƙara lokaci, a zaunar da mutum a inuwa mai haske. Daga kowane sabon kwaɓi ka ware gilashi guda na gwaji, ka riƙa jan murfin da ke rufe gilashin a kyamara kaɗan-kaɗan, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, ka rubuta wanda ya yi daidai a jikin kwalbar.